Wa Ya Ga Cikin Atam?

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu koyon koyarwa, ni wata makaranta aka tura ni a Nguru, aka ba ni 'yan aji uku na ƙaramar sakandare. Ran nan ina koya musu labarin atam. Na zana da'ira a allo, na ɗiga ɗigo a tsakiya, na ce wannan ita ce cibiya, a cikinta akwai furoton da nutiron, elektiron kuwa suna kewaya ta daga waje. Yara suna ta kwafa. Sai wani yaro daga bencin baya, ɗan masunta ne, bai cika magana ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa ya gani?"

Na ce, "Wa ya ga me?"

Ya ce, "Cikin abin. Ka ce ko da madubin likita ba a ganinsa. To, wa ya shiga ya ƙirga?"

'Yan aji suka fashe da dariya. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, na ce masa haka ya ke a littafi, ya rubuta kawai. Ya sunkuya ya rubuta. Amma tun daga ran nan abin ya tsaya mini a rai, don na san ban ba shi amsa ba, baki na rufe masa. Na kuma san yawancinmu a kwalejin nan, in aka yi mana tambayar nan gobe, abin da za mu yi ke nan. Saboda haka da na komo Gashuwa na duƙufa neman amsar, ga abin da na samo, ko wani zai tsira daga irin kunyar da na sha.

Da fari dai yaron yana da gaskiya. Ba wanda ya taɓa ganin cibiyar atam da ido. Ƙanƙantarta ta wuce misali. Da za a hura atam guda na sodiyam ya kumbura har faɗinsa ya kai daga Nguru zuwa Gashuwa, watau wajen mil 40, cibiyarsa ba za ta fi babbar randa girma ba, tana zaune can tsakanin garuruwan biyu, sauran duk fili. Amma kusan dukan nauyin atam a cikin randar nan ya ke. Ernest Rutherford ne ya gano akwai cibiyar a Ingila cikin 1911, James Chadwick kuma ya gano nutiron cikin 1932. Su ma ba gani suka yi ba.

To, yaya a ke sanin cikin abin da ba a gani? Je ka kasuwar Gashuwa wajen masu tukwane, ka tsaya ka dubi tsohuwa za ta sayi tukunya. Ba ta dogara ga ido. Sai ta ɗaga ta, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta karkata kunne. In ta ji amo ya fito garau, ta san ta gasu, ba tsaga. In ta ji ɓaf-ɓaf sai ta ajiye, ko da kuwa ba a ga tsagar ba. Ba ta shiga cikin yumɓun ba, amma ya gaya mata halinsa. Abin da masana ke yi wa cibiyar atam ke nan. Su ƙwanƙwasa ta, su saurara. Bambancin kawai, cibiya ba ta amsawa da ƙara, da haske ta ke amsawa, wani irin haske wanda ido ba ya gani, mai ratsa jiki da katako har da ƙarfe in bai yi kauri ba. Sunansa hasken gama. Ba gama ta gama aiki ba, harafi ne na uku na Helenanci, bayan alfa da beta. Wani Bafaranshe, Paul Villard, shi ya fara lura da shi cikin 1900.

Abin da ya sa hasken nan ke ba da labari shi ne, cibiya ba ta karɓar ƙarfi yadda ta ga dama. Tana da matakai kamar tsani. Mutum a kan tsani ko dai yana mataki na ɗaya, ko na biyu, ba ya tsayawa a iska tsakaninsu. In an bugi cibiya sai ta hau wani mataki, nan da nan kuma ta sauko, ƙarfin da ta sauke sai ya fita ya zama ɗigon haske guda. Ƙarfin ɗigon nan daidai ya ke da ratar da ke tsakanin matakan biyu. Kowace irin cibiya kuwa da nata tsanin, ba ta tarayya da kowa. Wanda ya auna hasken ya auna tsanin. Ma'aunin da su ke awo da shi ana rubuta shi keV a taƙaice. Don ka san girmansa, ɗigon gama mai keV 1,000 ya fi ɗigon hasken fitila ƙarfi wajen sau 400,000.

Bari mu bar misali haka nan, mu ɗauki abin da kowa ya sani, watau kanwa. Tun kafin layin dogo ya iso Nguru cikin 1930 fatake ke kawo kanwa da manda daga ƙasar Manga. Turawa suka laƙaba wa kanwa suna fotash, alhali kuwa fotasiyam ɗin da ke cikinta kaɗan ne, yawancinta sodiyam ne, ɗan'uwan wanda ke cikin gishiri. Mai neman fotasiyam ya nufi toka. Har ma tokar murhun gidanku, in an sa ta gaban na'ura, za a ji tana fid da gama mai keV 1461, jikinka ma haka, tun ran da aka haife ka. Na faɗi wannan ne don kada wani ya zaci hasken gama baƙon abu ne da Turawa suka ƙago. Yawansa ne ke cutarwa.

Yawan furoton shi ke sa wa abu suna. Duk cibiyar da ke da furoton 11, sodiyam ce. Nutiron kuwa suna iya ƙaruwa ko raguwa sunan bai sāke ba, sai a sami 'yan gida ɗaya masu nauyi dabam dabam, masana na ce da su aisotof. Sodiyam ɗin da ke cikin kanwa duk iri ɗaya ne: furoton 11, nutiron 12, jimla 23, don haka a ke ce da shi sodiyam 23. Zaune ya ke lafiya, ba ya fid da kome, ba ya sākewa.

A Zariya, a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai wani ɗan murhun nukiliya da aka fara kunnawa cikin 2004, sunansa NIRR-1. Ƙarfinsa wajen kilowat 30 ne, watau kamar dutsen guga na lantarki talatin, ba don ba da wuta aka yi shi ba. Aikinsa fid da nutiron. Da za ka ba su ɗan ɓarɓashin kanwa, sai su ƙunshe shi cikin 'yar roba, iska ta tura shi ta bututu zuwa cikin murhun, ya ɗan jima, a komo da shi. A cikin murhun waɗansu cibiyoyin sodiyam 23 sun haɗiye nutiron guda guda, sun zama sodiyam 24. Shi kuwa wannan nutiron ɗinsa sun yi masa yawa, ba ya iya zama. Bayan awa 15 rabinsu sun sāke, bayan wata awa 15 rabin ragowar, haka har su ƙare. Wannan lokaci shi a ke kira rabin rai. Yadda ya ke sākewa kuwa, nutiron guda ne ke juyewa ya zama furoton, ya tofar da elektiron waje. Furoton sun zama 12 ke nan, nutiron 12. Suna ya sāke, ya zama maganiziyam 24, sinadarin nan da ke cikin koren ganye.

Ga inda daɗin ya ke. Sabuwar cibiyar nan ba a ƙasan tsani a ke haifuwarta ba, a kan mataki na biyu ta ke samun kanta. Sai ta diro zuwa na ɗaya, ta fid da gama mai keV 2754, ta sāke dirowa ƙasa, ta fid da mai 1369. Kunnen da ke jin su wani dunƙulen jameniyam ne mai tsabta ƙwarai, wanda a ke sanyaya shi da ruwan naitirojin, sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da na ƙanƙara. Kowane ɗigon gama ya faɗa ciki sai ya ta da 'yar wutar lantarki gwargwadon ƙarfinsa, kwamfuta ta ƙirga ta jera. In an jima sai ka ga zane ya fito kamar fadama, ciyawa a ƙasa, ga waɗansu dogayen layuka sun miƙe tsaye kamar giginya, ɗaya a kan 1369, ɗaya a kan 2754. Ma'aikacin da ya ga biyun nan ba ya bukatar a gaya masa akwai sodiyam, tsawonsu kuma ya gaya masa yawansa. Ta haka su ke gane abin da ke cikin ƙasa da duwatsu da abinci da magungunan gargajiya.

Mai neman sanin cibiya kuwa wani abu dabam ya ke karantawa a zanen nan. Mataki na ɗaya yana 1369. Na biyu yana 1369 a tara da 2754, watau 4123. Raba 4123 da 1369, za ka sami 3 da ɗan ɗigo. Lissafi ya nuna cibiyar da ba mulmulalliya ba ce, mai tsawo kamar kankana, in tana juyawa, matakinta na biyu kan ninka na ɗaya sau 3 da sulusi. Mulmulalliya kamar lemo ba juyawa ta ke ba, rawar jiki ta ke, nata kan tsaya wajen 2 ko ƙasa da haka. Ashe maganiziyam 24 kankana ce. Ka ga mun san siffar abin da ba mu gani ba, da lambobi biyu da lissafin 'yan aji biyar na firamare. Da na san wannan ran nan a Nguru, da ban ce wa yaron ya rubuta kawai ba.

Amma akwai abin da ya fi wannan, shi ne ma ya sa na ɗauki alƙalami.

Da masana suka auna cibiyoyi da yawa, sai suka lura waɗansu sun fi sauran ƙarko nesa ba kusa ba. Su ne masu furoton ko nutiron 2, 8, 20, 28, 50, 82, ko nutiron 126. Kuzar Jos furoton 50 gare ta, tana kuwa da 'yan gida goma masu zama lafiya, ba sinadarin da ya kai ta. Kalsiyam na ƙashinmu yana da 20. Dalma tana da 82, mafi yawanta kuma tana da nutiron 126. Aka sa wa lambobin nan suna lambobin sihiri, ko da ya ke ba wani sihiri a ciki, ni dai zan ce da su lambobin cika. Cikin 1949 wata mace, Maria Goeppert Mayer, a Amurka, da Hans Jensen da abokansa a Jamus, suka bayyana dalilinsu, kowa a gefensa. Aka ba ta kyautar Nobel tare da Jensen cikin 1963, ita ce mace ta biyu da ta samu a fannin fiziks bayan Marie Curie. 'Yan'uwanmu mata da ke gudun darasin kimiyya su ji wannan.

Bayaninsu shi ne, nutiron a cikin cibiya kamar masu haya ne a gidan bene, furoton ma da nasu benen. Hawan ƙasa na ɗaukar 2. In na biyu ya cika sun zama 8, in na uku ya cika sun zama 20. Tsakanin hawa da hawa akwai rata mai tsawo. In hawa bai cika ba, da ɗan bugu kaɗan sai masu haya su yi musayar ɗaki, cibiya ta motsa. In kuwa ya cika maƙil, ba inda za a gusa sai a ɗaga wani a haye ratar nan da shi zuwa hawan sama, wannan kuwa sai da ƙarfi mai yawa. Saboda haka cibiya mai lambar cika mulmulalliya ce, mai taurin kai, matakan tsaninta suna can sama. Akwai mataki guda da a kan duba a gwada cibiya da cibiya, galibi shi ne na fari, irin 1369 ɗin nan na maganiziyam 24. Mu ce da shi matakin awo. In yana sama, hawa ya cika. In yana ƙasa, da sauran wuri.

Wannan ka'ida ta yi aiki ƙwarai, ta shiga littattafai, har yau haka mu ke haddace ta. Sai dai an gina ta ne bisa cibiyoyin da ke zaune lafiya a duniya, su kuwa wajen 250 ne kacal, da maƙwabtansu na kusa. Waɗanda aka sani yanzu sun haura 3,300, lissafi kuma yana nuna za su kai wajen 7,000. Yawancin waɗanda ba a kai gare su ba masu tarin nutiron ne. Ko dokar cikin gari tana ci a can daji?

Cikin 1975, a CERN, babbar ma'aikatar bincike da ke kusa da Janeba, wata Bafaranshiya, Catherine Thibault, da abokan aikinta suka riƙa harbin yuraniyam da furoton yana farfashewa, suna tsamo sodiyam daga cikin ɓaraguzan suna auna nauyinsa. Sodiyam dai irin na kanwarmu, mai furoton 11, amma an ɗora masa nutiron 20 ko 21 maimakon 12. Suka tarar sodiyam 31 da 32 sun ƙulle tamau fiye da yadda ka'ida ta ce. Wani abu yana faruwa a ciki. Cikin 1979 Claude Détraz da jama'arsa, a can CERN ɗin, suka kasa kunne ga sodiyam 32. Abin da ya faru ga sodiyam 24 a Zariya shi ke faruwa gare shi: nutiron guda ya zama furoton, ya koma maganiziyam 32, ya diro tsani, ya fid da gama. Bambancin, na Zariya yana ba ka awa 15, wannan kuwa rabin ransa wajen kashi 13 ne cikin dubu na sakan. Kafin ka ƙifta ido ya tafi.

Maganiziyam 32 furoton 12 gare shi, nutiron 20 cif. Lambar cika ce. Bari mu jera 'yan'uwansa masu nutiron 20, muna rage furoton biyu biyu, mu dubi matakin awonsu. Kalsiyam 40, mai furoton 20, yana 3904. Argon 38 yana 2168. Farar wuta 36 tana 3291. Silikon 34, mai furoton 14, yana 3326. Duk suna sama, kamar yadda littafi ya ce. Kai da kanka za ka ce maganiziyam 32 ma ba zai kasa dubu biyu ko uku ba. Abin da aka ji kuwa 885. Kai! Furoton biyu kaɗai aka cire daga silikon, tsani ya rushe zuwa wajen rubu'i. Niyon 30 da ke bayansa, da aka auna shi daga baya, ya ma fi sauka, bai kai 800 ba. Tukunyar da kowa ya rantse lafiyayya ce, aka ƙwanƙwasa ta ta ce ɓaf.

Lamba guda ba ta isa shaida, sai aka nemi ta biyu. Cikin 1995 a ma'aikatar RIKEN ta Japan, Tohru Motobayashi da abokansa suka harba cibiyoyin maganiziyam 32 suka gifta dab da cibiyoyin dalma, don lantarkin dalmar ya girgiza su, suka ƙirga sau nawa 885 ɗin ke fitowa. Mulmulalliya da wuya ta ke amsa irin wannan girgiza, mai tsawo kuwa nan da nan. Maganiziyam 32 ya amsa da sauƙi ƙwarai. Kankana ce. Tun 1990 waɗansu masana uku na Amurka, Warburton da Becker da Brown, sun riga sun sa wa wannan yanki na cibiyoyi suna, abin da za mu ce Tsibirin Juyi da Hausa, don a nan abin da ya kamata ya kasance sama ya koma ƙasa.

Me ya jawo haka? Mun ɗauka benen nan na dutse ne, an gina an gama, masu haya sai su shiga. Ashe masu hayan ne da kansu ke riƙe da ginin. Furoton da nutiron suna jan juna, furoton da ke waɗansu ɗakuna su ke janyo ɗakin ƙarshe na hawa na uku na nutiron ƙasa. In ka kwashe furoton ɗin, ɗakin sai ya ɗaga sama ya kusanci hawa na huɗu, ratar da ke bayan 20 ta ƙuntata. Da ta ƙuntata, sai nutiron biyu su tsallaka sama don kansu, su bar ɗakunansu wofi, gama in sun yi haka cibiyar na samun damar miƙewa ta yi tsawo, ribar da ta ke ci a miƙewar kuwa ta fi kuɗin tsallakawar. Ƙullewar da Thibault ta gani ke nan. Kuma tun da ɗakin ya ɗaga sama, ya bar sabuwar rata a ƙarƙashinsa, a kan 16. Shi ya sa oksijin 24, mai nutiron 16, ya ke da halin mai lambar cika, lambar da ba ta cikin jerin da muka haddace.

Tun daga nan aka shiga bin lambobin ɗaya ɗaya ana ƙwanƙwasawa. Cikin 2013 a RIKEN aka auna kalsiyam 54, mai nutiron 34, aka sami 2043, ninki biyu na kalsiyam 50, alamar 34 ma lambar cika ce a wannan gefen. Cikin 2019 aka auna nikel 78, mai furoton 28 da nutiron 50, aka sami wajen 2600. Nan tsohuwar doka ta tsaya da ƙafafunta. Kada dai wani ya tafi aji ya ce Mayer ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Iyakar gonarta a ke nema, wani wuri an samu, wani wuri har yanzu.

Aikin kuwa ba na rago ba ne. A RIKEN, da kuma sabuwar ma'aikatar FRIB da aka buɗe a Mishigan ta Amurka cikin 2022, a kan kori cibiyoyi masu nauyi har gudunsu ya kai rabin na haske ko fiye, a fasa su jikin wani faranti, manyan maganaɗisu su tace ɓaraguzan, su ware guda ɗaya da a ke so daga cikin miliyoyi. Sodiyam 39, mai nutiron 28, wanda aka ba da labarin tabbatar da shi cikin 2022, guda 9 tak aka gani. Ga kuma wata wahala. Ka tsaya bakin hanyar Nguru babbar mota ta taho tana oda, za ka ji muryar odar ta yi siriri tana tahowa, ta yi kauri da ta wuce. Haske ma haka ya ke. Cibiyar da ke gudu irin wannan, gaman da ta jefa gaba ya kan fi ainihinsa ƙarfi, na baya ya kasa. Dole a san daidai kusurwar da kowane ɗigo ya bi kafin a gyara lissafi. Don haka su ke kewaye wurin da kunnuwa masu yawa kamar ƙwarya a kife, na zamani irin su AGATA a Turai har suna bin sawun ɗigon cikin dunƙulen jameniyam, su nuna inda ya fara taɓawa. A nahiyarmu ma akwai masu irin wannan sauraro, a iThemba LABS kusa da Kef Tawun.

Na san wani zai ce, ina ruwan ɗan Gashuwa da abin da ba ya kai sakan guda a duniya? Ruwansa biyu ne. Na fari, duk sa'ad da yuraniyam ya tsage, ko a murhu ko a bom, gutsattsarinsa masu tarin nutiron ne. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bom ɗinta na fari a Reggane cikin Sahara, hankalin mutanen Arewa ya tashi saboda iskar hunturu daga hamada ta ke zuwa, da ta yi na uku kuwa Nijeriya ta yanke hulɗa da ita cikin Janairu 1961. Ɗaya daga cikin gutsattsarin irin waɗannan bama-bamai shi ne siziyam 137, rabin ransa shekara 30, layinsa yana kan 662. Ƙasar da ba ta da mai iya karanta layin nan, sai abin da aka gaya mata game da ƙurarta da ruwanta da madarar da ta sayo.

Na biyu ya fi nisa, amma ni ya fi burge ni. Zinariyar da ke kunnen amarya ba a duniyar nan aka ƙera ta ba. A inda taurari ke mutuwa a kan sami ambaliyar nutiron, cibiyoyi su yi ta haɗiya cikin sakan guda ko biyu har su kai can ƙurya inda ba mu taɓa zuwa ba. In sun iso lambar cika, 82 ko 126, sai haɗiyar ta yi wuya, su taru a nan kamar shanu a mashigin kogi. Da ambaliyar ta wuce sai su bi hanyar sodiyam 24, nutiron na zama furoton ɗaya bayan ɗaya har su sami zama. Garken da ya taru a mashigin 126 shi ya zama filatinam da zinariya. Ran 17 ga Agusta 2017 masu duban sama suka ga karon taurarin nutiron guda biyu, haskensa kuwa ya nuna alamun ana ƙera sinadarai masu nauyi a wurin. To, in lambobin cika suna iya narkewa can daji kamar yadda 20 ta narke, lissafin yawan zinariyar da a ke samu ya dogara ga ko 126 ta tsaya ko ba ta tsaya ba. Cibiyoyin da ke mashigin nan yawancinsu ba a kai ga ƙera su ba tukuna, suna cikin abin da aka gina FRIB dominsa.

Zango mai zuwa in Allah ya kai mu, na roƙa a mai da ni makarantar nan ta Nguru. Zan tafi da tukwane biyu, ɗaya mai tsaga a ɓoye, da ɗan ƙullin kanwa, in ba yaron nan ya ƙwanƙwasa da hannunsa kafin in taɓa alli.

Kafin nan ga aiki ga 'yan ajin kimiyya. In an fito da kanwar daga murhun Zariya ran Litinin da ƙarfe shida na safe, kashi nawa na sodiyam 24 zai rage ran Laraba da ƙarfe shida na yamma? Sa'an nan yuraniyam 238, irin na ƙasar Arlit a Nijar, matakinsa na ɗaya yana kan keV 45, na biyu yana kan 148. Lemo ne ko kankana? Wanda ya samu ya rubuta a takarda ya ba Edita, ya nuna yadda ya yi lissafin.